Damanar da Na Ɓoye wa Rabe Labari

Da ana mayar da kwanaki baya, kwana goma sha ɗaya kawai zan roƙa a mayar mini. A cikinsu ne na riƙe littafin ƙanena Rabe a hannuna, ina yi masa tambaya yana ba ni amsa, ina ce masa daidai ne, alhali na san ba daidai ba ne. Ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba. Shekara talatin da wani abu ke nan, gara in rubuta tun idona yana ganin layi.

Damanar bana ce ta tono mini zancen. Ruwa ya sauka sau ɗaya a garinmu, arewa da Gazawa, muka yi shuka, sai sama ta ɗauke har kwana ashirin. Hatsi ya fito siriri ya tsaya. A cikin zaman jiran nan ne ɗiyar Rabe, Mariyama, take shigowa gidana da hantsi ta zauna a inuwar bedi, wato dalbejiya, don gidansu hayaniyar yara ta yi yawa. Konkur take shiri, jarrabawar nan da ake tace masu neman aikin gwamnati, ita kuma ta asibiti take nema. Waya ce a hannunta kullum. Abokan karatunta suna turo tambayoyi da murya, abin da aka yi a Yamai da safe kafin azahar ta ji shi.

Rannan ta ɗago kai ta ce mini cikin wasa, "Baba Sanusi, ƙasa nawa ke iyaka da mu?"

Na ce, "Bakwai."

"To lissafo mu ji."

Na lissafo mata daga Aljeriya har na zagayo Mali, da manyan biranensu. Ta ajiye wayar a cinya tana kallona.

"Ashe kai ma ka taɓa yin konkur ba mu da labari?"

Na ce, "A'a, noma na yi."

Ta yi dariya ta koma kan wayarta. Ni kuwa na zauna har inuwa ta bar ni ban sani ba.

A wancan zamani gandu muke yi. Kwana biyar na mako kowa yana gonar gida, abin da aka samu ya shiga babban rumbu. Alhamis da Juma'a kuwa na mutum ne. Ya je gamanarsa, wato ƴar gonar da aka yanka masa tasa ta kansa, ko ya je kasuwa, ko ya kwanta ya yi barci. Mai gida ba ya tambaya. Haka muka taras, haka Baba ya riƙe mu har ya rasu a ranin shekarar da nake ba da labarinta, gidan ya dawo hannuna, ni da Inna da matata da Rabe.

Ni aji biyar na yi a lakol, makarantar boko, Baba ya cire ni, don gandu yana son hannu. Rabe ya samu abin da ban samu ba. Ya yi kolej ya ci birebe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ya dawo gida ya zauna shekara biyu ba aiki. Sai aka buɗe konkur na shiga makarantar koyon malanta, ya kai takardunsa. Ya ce mini lissafi da dikte, wato shifta, ba su ba shi tsoro. Wadda ke kayar da mutane ita ce ta sanin duniya da abin da ake ciki, wadda suke kira kiltir janaral. Ba ta da littafi ɗaya. Ana iya tambayarka inda kogin Isa da ya ratsa Yamai ya faro, ana iya tambayarka abin da aka faɗa a rediyo makon jiya.

Saboda haka ya bar wa Inna gamanarsa ta zuba wake. Ran Alhamis da sassafe yakan taka da ƙafa zuwa Gazawa wurin wani tsohon malami, Mushe Ilya (haka ake kiran malamin lakol a nan, mushe), wanda ke tara masu shirin konkur su shida a rumfar ƙofar gidansa. Yana da rediyo mai kyau, direbobi kuma suna kawo masa jaridun Yamai ko da sun kwana bakwai. Rabe ya kwana can, ya yi sallar Juma'a, ya dawo da la'asar da abin da ya rubuto a kaye, wani littafi mai shuɗin bango. Gaban littafin da bik, wato biro, yake rubutawa, abubuwan da ba su motsi: koguna, duwatsu, manyan birane, shekarar samun ƴancin kai. Bayansa kuwa da fensir, don yana gogewa: sunayen ministoci, shugabannin ƙasashen maƙwabta, tarukan da ake yi. Mushe Ilya ya gaya musu wanda ya yi sakaci da shafin fensir kada ya ɓata takalminsa zuwa Maraɗi, inda ake yin konkur ɗin.

Ni ne mai yi masa tambaya. In rana ta take muka bar hauya muka shiga inuwa, sai ya miƙo mini kaye. Ina harhaɗa Faransancin da kyar, shi yana kwance da hula a fuska yana amsawa.

Yakan ce, "Yaya, karatun nan naka kamar ana tauna gyaɗa da ɓawonta."

In ce, "Kai dai ba ni amsa. Babban birnin Cadi?"

Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce jahilci ya sa ni. Na san abin da ke cikin littafin nan shafi da shafi, na kuma san wane shafi ne mai kayarwa.

Bazarar shekarar ta yi zafin da tsofaffi suka ce ba su tuna irinsa ba. Rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Rumbu ya yi ƙasa tun kafin hadarin fari, in na shiga ɗebo hatsi sai na duƙa har kaina ya ɓace. Muka yi binne, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa ya same shi. Ruwan ya zo kaɗan, hatsi ya tsiro, sai wata iskar hadari ta taso daga gabas ba ɗigo ko ɗaya a cikinta, ta kwashi rairayi ta rufe shukar. Da safe gona ta koma fili kamar ba a taɓa saran ta da sungumi ba. Muka sake shuka, rana ta ƙone. Iri na uku daga cikin abin da za mu ci muka ɗebo, na raba shi biyu, rabi gonar bakin gari, rabi wata gonar Baba mai nisa da muke kira gonar kalgo, tafiyar rabin wuni arewa, kusa da mashekarin Fulani.

Furar gidanmu ta koma ruwa, kana ganin gindin ƙwarya tun ba ka kai rabi ba. Tuwo sai bayan kwana biyu. Inna da matata suna fita da asuba su tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa a zuba ɗan gishiri da ƙuli in akwai. Ba wanda ke kuka da yunwa, ana dai rage magana.

Da ruwan gaske ya zo, sai ya zo gaba ɗaya. Kwana uku a jere, har katangar bayan gida ta zube. Hatsi ya tashi, haki ya tashi ya fi shi. Gonaki biyu suna neman noman fari lokaci guda, mu kuma hauya biyu. Wanda ya yi jinkirin mako biyu a irin wannan ƙasa, ƙarangiya ta cinye masa shekara. Muka gama ta bakin gari a kwana tara. Wani da ya biyo ta gonar kalgo ya ce mini ba a gane hatsi da ciyawa.

A ƙofar masallaci bayan la'asar wani sa'an Baba ya ce, yana kallon wani wuri ba ni ba, "Allah Ya jiƙan mai gonar kalgo. Da shina raye da ba a ga haka ba. Amma ba komi, an ce gidan sun san sunan kowane minista."

Mutane suka yi ƴar dariya. Na dawo gida na tarar da Rabe yana wanke rigarsa ta zuwa Gazawa, don ranar Laraba ce.

Na ce, "Gobe gonar kalgo za mu. Can za mu zauna sai mun gama. Bana ba gamana."

Ya tsaya da rigar a hannu ruwa na zuba. "Yaya, gobe Alhamis."

"Na sani."

"Alhamis da Juma'a nawa ne. Ko Baba bai taɓa taɓa su ba."

"Baba bai ga irin shekarar nan ba."

"Saura mako uku konkur. To bar mani kwana ɗaya. In tahi da asuba in dawo da dare, in rama maka da noman yamma."

"Daga gonar kalgo zuwa Gazawa? In ka dawo da wace ƙafa za ka yi noma?"

Inna tana bakin murhu. Ba ta kiran sunana don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai babba, kwanan mutum ba a ci mashi shi. Ubanku ko da fara ta sauka bai yi haka ba."

Na ce, "Inna, sunan minista za mu zuba a tukunya?"

Ta juya ga murhunta. Rabe ya shanya rigar, ya shiga ɗaki ya ɗauko kaye da tsohon rediyon Baba. Da a ce hatsi kaɗai ke raina a ranar, da na samu abin da zan kare kaina da shi yau. Amma akwai dariyar ƙofar masallaci, akwai kuma wani abu da ya daɗe a ƙasa: ni an cire ni daga aji saboda gonar nan, ban mutu ba.

Muka ɗora wa jaki gari da jarka biyu da tukunya, muka tafi. Muka kafa bukka da kara da reshen kalgo a tsakiyar gona. Aikin iri ɗaya ne kullum. Mu fita raɓa na jiƙa wando har gwiwa, mu tura hauya mu jawo, layi bayan layi, ƙasa tana tururi in rana ta ɗaga. Gumi ya bushe ya bar fari a riga. Ƙudaje a ido, cinnaku a ƙafa, da yamma sauro. Da tsakar rana mu dama gari da ɗan nonon da matan Fulani ke kawowa, mu sha, ya miƙo mini kaye.

Batiran rediyon, pil muke ce musu, sun riga sun gaji. Rabe yakan cire su ya jera kan dutse a rana tun hantsi, in lokacin labarai ya yi ya mayar, ya manna kunnensa. Yakan samu kanun labarai, wani lokaci rabinsu. A kwana na huɗu ya shanya su wuni guda, rediyon bai ce komi ba. Ya girgiza shi, ya ciji pil ɗin da haƙori, ya mayar, shiru. Ya sa shi a buhu ya ɗauki hauya.

Ɗebo ruwa aikina ne, don na ce shi ya fi ni saurin noma. Bayan kwana biyu-biyu nakan kora jaki zuwa rijiyar makiyaya. A kwana na bakwai na tarar da Bello, wani Bafillace da muka saba tun zamanin Baba, yana shayar da shanu, rediyonsa rataye a kafaɗa cikin rigar fata.

Ya ce, "Kai Kaɗo, kana nan kana tonon ƙasa, can Yamai an zubar da manya an ɗebo sababbi."

"Waɗanne manya?"

"Ministoci. Shekaranjiya. Kusan duka, har an haɗe wasu ma'aikatu an raba wasu. Tun jiya ba a zancen komi sai shi, sun hana ni jin waƙa."

"Su wa aka sa?"

"Mi ya dame ni da sunansu? Ko ɗaya ba shi da saniya."

Na cika jarkoki na kamo hanya. Tafiyar ba ta da tsawo, amma na gama shawara kafin in iso. In na faɗa, yau zai ajiye hauya ya nufi Gazawa, kuma ba ni da bakin hana shi. Kwana biyu in ya dawo, in kuwa Mushe Ilya ya riƙe shi, shi ke nan. Gefen gabas na gonar haki ya kai gwiwa. Na ce a raina gobe zan gaya masa, in mun fita daga wannan gefen.

Na same shi a inuwa yana jirana. Ya sha ruwa, ya miƙo kaye ya ce, "Yau shafin fensir."

Na buɗe. Na ce, "Ministan lakol?"

Ya faɗi suna.

Na ce, "Daidai."

"Na gona da kiwo?"

Ya faɗa. Na ce daidai. Muka bi su har ƙasan shafi bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ɗaga hular daga fuskarsa yana murmushi ya ce ko cikin barci aka tashe shi zai kawo su.

Gobe ta zo ban faɗa ba. Aka yi ruwa, ƙasa ta yi taushi, hauya na tafiya, na ce ba yau ba. Bayan kwana uku faɗin ya ƙara wuya, don zai tambaye ni yaushe na ji. Ban ji wani ciwo a raina ba, gaskiya. Ina tashi, ina noma, ina riƙe littafi, ina cewa daidai, kamar wani ne ke yi ni ina kallo.

Sau ɗaya ya tambaye ni kai tsaye. Muna wasa hauya da dutse ya ce, "Kwana nawa ban ji komi ba. Amma da an yi wani abu babba ai da ya iso mu, ko? Kai da ke zuwa rijiya, mi ake cewa?"

Na ce, "Zancen shanu."

Ya ce, "To madalla," ya ci gaba da wasa hauyarsa.

Muka fitar da layin ƙarshe ranar Asabar da yamma, kwana goma sha ɗaya bayan na ji. Konkur Litinin da safe. Lahadi da asuba ya saɓa jaka ya yanki daji zuwa bakin titi don ya tari motar Maraɗi, bai bi ta gida ba, bai bi ta Gazawa ba, lokaci ya ƙure. Tafin hannunsa duk kanta da bororo. Na raka shi har ƙarshen gona. Ya ce in yi masa addu'a, na ce Allah Ya ba da sa'a. Bakina ya buɗe a nan ma, abin da ya fito shi ne ya kula da takardarsa kada ruwa ya taɓa ta.

Ran Laraba ya dawo gida. Inna na tsinke tafasa a tsakar gida, ya zauna kan turmi ya ba da labari ba tare da ya ɗaga murya ba.

"A bakin ƙofa na ji. Kowa da takarda a hannu shina karanta sunaye, ban san ko ɗaya ba. Na ɗauka na wata ƙasa suke bita. Na tambayi wani, ya dube ni ya ce daga wane rami na fito. Ya ara mani takardarshi, ban kai rabi ba aka buga ƙararrawa."

Inna ta ce, "An tambaya?"

"Ita ce babbar tambayar. A kawo sababbin, a faɗi abin da aka haɗe da abin da aka raba, da dalili. Na sa wasu inda ba wurinsu ba. Inda na rasa na sa tsofaffin."

Ya juyo wurina. "Ba laifin kowa ba ne, Yaya. Daji ne."

Na ce, "Haka Allah Ya so."

A rediyo ake karanta sunayen waɗanda suka ci. Ya je rumfar Mushe Ilya ya saurara. Biyu daga cikin abokan zamansa aka kira, shi ba a kira shi ba. Daga baya malamin ya gano masa cewa lissafi da dikte ya wuce da yawa daga waɗanda aka ɗauka, takardar nan ɗaya ce ta ja shi ƙasa. Shekarun da suka biyo ba a buɗe konkur ɗin ba. Da aka buɗe, shekarun Rabe sun haura abin da ake karɓa.

Gonar kalgo ta yi hatsi. Ba zan ɓoye wannan ba, shi ya kai mu wata damanar, shi Rabe ma ya ci. Amma na sha auna abin a raina: da ya tafi kwana biyun nan, abin da za mu rasa bai fi dami ɗaya ba, ko biyu.

Da kaka muna can muna ɗaurin dami da kaba, sai ga Bello ya kawo shanu cin kara. Aka gaisa. Ya tambayi Rabe ko ya zama mushen lakol. Rabe ya ce a'a, ya gaya masa abin da ya kayar da shi.

Bello ya ce, "Canjin ministocin nan? Ai na gaya ma yayanka a bakin rijiya, kwana biyu da yin shi. Ko ba haka ba, Kaɗo?"

Shanu na ta karya kara. Rabe ya dube ni, ba daɗewa, kamar yadda mutum ke duba sama ya ga ko akwai hadari. Sai ya duƙa ya ce, "Yaya, danne mani nan in ja igiyar."

Na danne, ya ja, ya ƙulle. Muka ɗaure sauran har yamma.

Da aka gama zuba hatsi a rumbu ya ce wa Inna yana so a raba gandu. Bai kawo dalili ba, ba wanda ya tambaye shi. Ya ja katanga a gefen gidan, ya yi aure, ya yi noma, da rani yana ɗaukar kaya a baro a tashar Gazawa har ƙarfinsa ya ragu. Bai taɓa zagina ba. Kullum da safe shi ke fara gaishe ni. Da na yi ciwon ƙafa shi ya nome mini gona. Sau biyu na ɗauko zancen don in roƙe shi gafara, ya ce, "Wane zance kuma? Ya wuce," ya tashi ya ba akuya ruwa.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Tun daga kakar nan, in na gaya masa an yi ruwa a Cadawa, ko wane ya rasu, ko an ga wata, sai ya ce, "To, Yaya." In an jima in hango shi a ƙofar wani yana tambaya ko gaskiya ne. Ba ya yi don in gani. Ina jin shi kansa bai san yana yi ba.

Ku da za ku karanta wannan, ban iya wa'azi ba, roƙo ne. In akwai mai karatu a hannunku, ɗa ko ƙane ko ɗiya, ku bar masa kwanakinsa ko haki ya kai wuya. In kuma kun ji abin da ya shafe shi, ku gaya masa a ranar, kafin ku sauke ruwa daga kan jaki. Kada ku yi abin da na yi.